Tsutsar Yanke-Tsiro A Gonar Dankali: Alamominta Da Yadda Ake Magance Ta

Tsutsar yanke-tsiro na cikin ƙwarin da ke yi wa dankalin Turawa ɓarna, amfanin gonar da ake kawowa da yawa daga Jihar Filato zuwa Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi.

Launin toka gare ta, tsawonta kan kai santimita 4, kuma takan naɗe idan an taɓa ta. Da rana tana ɓuya cikin ƙasa, da dare ta fito ta datse karan ƙaramin tsiro daidai doron ƙasa. Daga baya takan huda 'ya'yan dankalin, farashinsa ya faɗi.

Rigakafi ya fi magani. A share ciyawa, a yi huɗa mako 2 kafin shuka, domin rana da tsuntsaye su kashe tsutsotsin. Bayan tsiro ya fito, a riƙa zagaya gona da sassafe, a tona gindin duk wanda ya faɗi, a kashe tsutsar.

Idan ɓarnar ta yi yawa, a yi feshi a gindin tsiro da yamma, bisa shawarar malaman gona na hukumar BSADP.