Warin gaz da makarantar New London

Kwanan baya ina cikin darasin makamashi, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa gaz ɗin girki yake wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai?" Na ce mata warin ba nasa ba ne, da gangan ake zuba masa shi. Ajin ya fashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Amma labarin da ke bayan wannan wari babu abin dariya a cikinsa, kuma a makaranta ya faru.

New London ƙaramin gari ne a gabashin jahar Texas ta ƙasar Amurka. A farkon shekarun 1930 aka gano man fetur a yankin, kuɗi suka shigo, aka gina makaranta ta gani ta faɗa, ana ɗumama ajujuwanta da gaz lokacin sanyi. A farkon shekarar 1937 hukumar makarantar ta ga kuɗin gaz ya yi mata yawa, wajen dala 300 kowane wata, sai ta soke yarjejeniyarta da kamfanin da ke sayar mata. Aka jona bututun makarantar da na wani kamfanin mai da ke ɗauke da ragowar gaz, irin wanda akan ƙone a banza. Mutanen yankin da yawa haka suke yi, ba a ɗauke shi laifi ba.

Gaz ɗin da ke fitowa daga ƙasa ba shi da launi, kuma sau da yawa ba shi da wari. Bututun ya fara yoyo, iskar ta riƙa taruwa a sararin da ke ƙarƙashin ginin, babu hancin da ya ji. Yara sun yi ta kukan ciwon kai, ba a kula ba. Nan ne labarin ya fi taɓa ni, don ni ma sau nawa yaro ya ce mini kansa na ciwo na ce lalaci ne, ya koma ya zauna.

Ranar 18 ga watan Maris na 1937, jim kaɗan bayan ƙarfe 3 na yamma, ana dab da tashi, malamin koyar da sana'ar hannu ya kunna injin goge katako. Tartsatsin lantarki ya haɗu da gaz, ginin ya tarwatse. Mutane kusan 300 suka mutu, akasarinsu ɗalibai. Iyaye da ma'aikatan rijiyoyin mai suka kwana suna tonon ɓaraguzai da hannu cikin ruwan sama.

Cikin ƴan makwanni majalisar dokokin Texas ta yi doka cewa dole a sa wa gaz sinadari mai wari kafin a kai shi ga jama'a. Sunan sinadarin markaptan, yana da ƙibiritu a cikinsa, kuma hancin mutum na jin sa tun gaz bai taru ya kai yadda zai kama wuta ba. Daga nan abin ya bazu. Yau kamfanoni na bin manyan bututai da na'urori, suna lura da raguwar ƙarfin iska a ciki, ko ciyawar da ta bushe a kan hanyar bututu ba dalili, amma a cikin gida har yanzu hanci ne mai gadi na farko.

Mu nan ba bututu ke kawo mana gaz gida ba, tukunya ce. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gaz ta shiga gidajen da a da sai itace da gawayi, kuma ina murna da hakan, don duk wanda ya ga yadda daji ya ƙare a kewayen garuruwanmu ya san dalili. Sai dai gaz ɗin tukunya ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci bisa tabarma.

Washegari na kawo tukunya ƙarama da ruwan sabulu aji. Muka shafa kumfa a bakin tukunyar da jikin tiyo, na nuna musu cewa inda ƙwayar kumfa ke hurowa nan ne yoyo yake, kuma ba a neman sa da ashana. In an ji wari a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita da kowa waje. Na ba su aikin gida su gwada tare da iyayensu, su zo su faɗa mini abin da suka gani.