Tarar Fam Biyu

A watan Afrilu na shekarar 1948 wata kotun majistare a birnin Landan ta ci wani mutum tarar fam 2, saboda ya hau jirgin ƙasa bai biya kuɗin da ya kamata ba. Irin wannan shari'a ba baƙuwa ba ce a can, kullum ana yin ta, mai laifi ya biya ya kama gabansa, ba wanda ya ji. Amma wannan, da gari ya waye sai ga labarin a shafin farko na jaridu, don kuwa mutumin ba ƙaramin mutum ba ne. Sunansa Joad, malami ne a Jami'ar Landan, a zamanin nan kuwa da wuya a sami gida a Ingila inda ba a san muryarsa ba. Kafin mu zo ga abin da ya same shi, ya kamata mai karatu ya san tarkon da ya faɗa ciki, da yadda aka yi aka ɗana shi.

Sa'ad da aka fara ɗaukar fasinja a jirgin ƙasa a Ingila, wajen 1830, da hannu a ke rubuta tikiti. Akawu ya zauna ya rubuta wa kowa tasa takarda. Ga jinkiri, ga shi kuma ba yadda kamfani zai tabbata abin da akawu ya karɓa shi ya kawo. Wanda ya warware wannan wani kafinta ne, Thomas Edmondson, wanda jarinsa ya karye, ya sami aikin tsaron wata ƙaramar tasha kusa da Carlisle a 1836. Shi ya ƙago ɗan guntun kwalin nan mai sunan tasha, kowane da lambarsa bi da bi, da ɗan injin da ke buga masa kwanan wata. Da maraice akawu ya dubi lambar da ya fara da ita da wadda ya tsaya, ya san kuɗin da za a tambaye shi. Kamfanoni suka karɓi dabarar, suna biyansa sule 10 a shekara kan kowane mil na hanyarsu. Irin kwalin nan ne iyayenmu suka sani a tashoshin Zariya da Kano bayan jirgi ya iso Kano a 1911. Mutanen Ingila ba su daina aiki da shi ba sai a 1990.

To, tikiti ya samu, saura me za a yi da wanda aka tambaya ya rasa nasa. A 1888 aka yi wata shari'a a kan haka. Wani fasinja mai suna Butler ya sayi tikitin zuwa da dawowa, a hanyar dawowa ya neme shi ya rasa. Ya ce ga sunansa ga inda ya ke zaune, amma ba zai biya sau biyu ba. Ma'aikata suka fitar da shi daga jirgi da ƙarfin tsiya. Ya kai ƙara, manyan alƙalai suka ba shi gaskiya, suka ce kamfani ba shi da ikon taɓa jikinsa, in yana bin sa kuɗi ya bi shi ta kotu.

Shekara na zagayowa, ran 12 ga Yuni 1889, aka yi mummunan haɗari kusa da Armagh a ƙasar Ailan. Jirgi cike da yara da iyayensu, za su yawon shan iska, ya kasa hawa tudu. Aka raba shi biyu, taragun baya suka gangara suka yi karo da wani jirgi da ke biye, mutum 80 suka halaka. Majalisar Dokoki ta yi maza, kafin wata uku ta fitar da doka wadda ta tilasta wa kamfanoni su sa birki mai kama kansa, su gyara sha'anin sigina. A cikin wannan doka ta tsaron rayuka aka sa sashe na 5, wanda ya ke magana kan tikiti.

Ga abin da sashen ya ƙunsa. In ma'aikacin jirgi ya tambayi fasinja, abu uku ne a gabansa, ya zaɓi ɗaya: ko ya nuna tikiti, ko ya biya kuɗi daga inda ya hau, ko ya faɗi sunansa da mazauninsa. In ya ƙi duka ukun, an yarda a tsare shi. Sa'an nan akwai laifi na biyu wanda ya fi nauyi, watau mutum ya yi tafiya bai biya ba da niyyar kauce wa biya. Tararsa a karo na farko ba ta wuce sule 40, in ya sake kuwa ta iya kai fam 20, ko ɗaurin wata ɗaya. Sai a lura da kalman nan, niyya. Mantuwa ba ta isa ba, ɓatan tikiti bai isa ba, sai mai ƙara ya nuna da gangan aka yi. Niyya kuwa a zuci ta ke, alƙali ba ya ganinta, sai dai ya auna ta da abin da baki ya faɗa.

Yanzu mu koma ga mutuminmu. An haifi Cyril Joad a Durham a 1891, ya yi karatu a Oxford, ya yi aikin gwamnati daga 1914 har 1930, sa'an nan ya zama shugaban sashen falsafa a Kwalejin Birkbeck, inda ma'aikata ke zuwa karatu da dare bayan sun tashi daga aiki. Yana da baiwar ɗaukar magana mai wuya ya sauƙaƙe ta har talaka ya gane, littattafansa kuwa sun yi kasuwa, cikinsu har da na ilmin kyawawan halaye. Ya iya jayayya ƙwarai. A watan Fabrairu 1933 shi ya tsaya gaban ɗaliban Oxford yana goyon bayan cewa ba za su yi yaƙi domin sarki da ƙasa ba, aka jefa ƙuri'a, 275 suka bi shi, 153 suka ƙi. Daga baya, da Hitler ya matsa, ya sake ra'ayi.

Abin da ya kai sunansa kowane lungu shi ne rediyo. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, BBC ta fara wani shiri inda jama'a ke aiko da tambayoyi, malamai su amsa nan take ba shiri. Joad na ciki, da Julian Huxley masanin halittu, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Campbell. Miliyoyin mutane ke saurare. Joad yana da wata al'ada, kome aka tambaye shi sai ya fara da cewa amsar ta danganta ga abin da mai tambaya ke nufi da kalmar, har maganar ta zama abin wasa a bakin kowa. Jama'a suka laƙaba masa Farfesa, ko da ya ke jami'a ba ta taɓa ba shi wannan muƙami ba. Da jam'iyyar Leba ta kafa gwamnati a 1945, shi kuwa nata ne, sai ya sa rai za a kai shi Majalisar Dattawa.

Amma yana da wani hali. Ba ya son biyan kuɗin jirgi, ba kuwa don rashi ba. Har ya taɓa rubutawa, da alfahari, cewa ya kan cuci kamfanin jirgi duk sa'ad da ya sami hali. Wataƙila a ganinsa kamfani kura ce, wanda ya ci nata bai yi zunubi ba. To, amma tun ran 1 ga Janairu 1948 jiragen sun bar hannun kamfanoni, sun koma na gwamnati, gwamnatin nan tasa ita ta karɓe su.

A farkon shekaran nan ya hau jirgi daga tashar Waterloo a Landan za shi Exeter, tafiyar mil 170 da 'yan kai. Garin Salisbury yana wajen tsakiyar hanya. Da mai duba tikiti ya zo kansa, sai ya ce a Salisbury ya shiga, don ya biya na rabin hanya. Kai, abin da mamaki! Mutumin da hotonsa ke cikin jaridu, ga gemu, ga muryar da yara ke kwaikwayo a titi, shi ne zai ɓuya a cikin tarago? Aka gane tun Landan ya ke ciki, aka yi masa sammaci.

Ni a ganina, ba rashin tikiti ya kā da shi ba, amsar da ya bayar ce. Da ya ce daga Landan ya ke, ya zaro kuɗi ya biya, da ya shiga ɗaya daga ƙofofi ukun nan da doka ta buɗe masa, da wuya kuma a sami abin da za a nuna niyya da shi. Da ya ambaci Salisbury kuwa, ya miƙa wa mai ƙara shaidar da ya ke nema, da bakinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alƙali yana rubuta shari'a ya san haka ta kan faru: maganar da mutum ya yi a firgice ran da aka tare shi, ita a ke karanta masa ran shari'a, lauya kuwa ba shi da allurar ɗinke ta. Aka same shi da laifi, aka ci shi fam 2, watau sule 40 ɗin nan cif, iyakar abin da doka ta yarda, ban da kuɗin shari'a.

Fam 2 ba kome ba ne gare shi. Abin da ya biyo baya shi ne hukuncin. BBC ta cire shi daga shirin, maganar Majalisar Dattawa ta mutu, waɗanda ya sha kayarwa a jayayya suka sami abin dariya. Lafiyarsa ta lalace, ya kwanta a gidansa a Hampstead. Mutumin da ya daɗe yana shakkar addini ya koma coci, ya rubuta littafi a kan komawarsa a 1952. Ciwon daji ya kashe shi ran 9 ga Afrilu 1953, yana da shekara 61. Na kan ji tausayinsa, ko da ya ke shi ya jawo wa kansa, don na tabbata a cikin waɗanda suka yi masa dariya akwai masu irin halinsa, sai dai su ba a san fuskarsu ba.

Dokar 1889 ba ta mutu tare da shi ba. An yi ta ƙara tarar har ta kai fam 1,000, ko ɗaurin wata uku. Aka kuma kafa waɗansu ƙa'idodin jirgi, na 2005, waɗanda ba ruwansu da niyya: in an same ka a jirgi ba tikiti mai kyau, ka yi laifi, ko da kuskure ne, sai fa in ba a sami wurin saye a tashar da ka hau ba, ko ma'aikaci ya ba ka izini. Daga Janairu 2023 kuma aka mai da tarar nan take fam 100 a Ingila, a rage ta zuwa 50 ga wanda ya biya cikin kwana 21.

Sa'an nan a 2015 aka fito da wata gajeriyar hanyar shari'a don ƙananan laifuffuka. A aika wa mutum takarda gida, a ba shi kwana 21 ya amsa laifi ko ya musa. In ya yi shiru, majistare ɗaya ya zauna da takardu ya yanke, ba mai ƙara, ba wanda a ke ƙara, ba 'yan kallo. Mutane da yawa ba su san an yi musu shari'a ba sai da aka zo karɓar tara, wani ya ƙaura takarda ta tafi tsohon gida, wani ya gani bai gane ba. A 2016 aka yarda kamfanonin jirgi su bi wannan hanya, amma aka jera musu laifuffukan da za su kai, dokar 1889 kuwa ba ta cikin jerin. Waɗansu kamfanoni ba su kula ba, suka yi ta kai mutane da ita shekara da shekaru. Ran 15 ga Agusta 2024 babban majistare na Ingila, Paul Goldspring, ya dubi shari'u 6 da aka kawo masa don gwaji, ya ce ba su halatta ba tun daga tushe, kamar ba a yi su ba. Aka ƙiyasta irinsu sun wuce 74,000, aka shiga neman mutanen don a soke hukuncin, a mayar musu da kuɗinsu.