Rubutun Farko da Gyaransa: Nazarin Ƙagaggun Labaran Gasar 1933

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mas'alar da ke fuskantar mai talifin ƙagaggen labari karo na farko, wato yadda zai mayar da abin da ya ji ko ya karanta ya zama nasa, kuma ta kafa hujja da littattafan da suka fito daga gasar Hukumar Talifi ta 1933, musamman Ruwan Bagaja.

Matashiya

Lokacin da Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labaran zube, abin da ya tarar, kamar yadda ya bayyana a mujallar Africa a 1936, shi ne alƙalami a wurinsu kayan ilmi ne da addini, ƙagen labari kuwa tatsuniya ce ta mata da yara. Duk da haka littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Mawallafan ba su da wani ƙagaggen littafin Hausa a gabansu da za su yi koyi da shi, saboda haka matanin da aka buga yana nuna ɗinkin aikin a fili.

Naƙali da ƙage

Imam yana malamin Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba, sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma ba abin mamaki ba ne mai waɗannan shekaru ya ɗebo daga rumbun karatunsa. Manazarta sun daɗe da nuna alaƙar littafin da Maƙamatul Hariri, wadda ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, inda mai ruwaya Harisu ɗan Hammamu ke cin karo da Abu Zaidi, ma'abocin fasaha da makirci, gari bayan gari, a cikin maƙama 50. Amma wanda ya tsaya a kan gano asali kaɗai, a ganinmu, ya bar muhimmin abu a baya. A wurin Hariri, kowace maƙama tana iya tsayawa ita kaɗai, mai ruwaya kuwa galibi shaida ne, yana gane mutuminsa bayan an gama wasa. Imam ya ba ɓangarorin biyu hannu: jarumin labarin, Alhaji Imam, ya cuci Malam Zurƙe ɗan Muhamman, Zurƙe ya rama a gari na gaba, ramuwar nan ta haifi wata, har ya zamana in an zare ƙissa guda, wadda ke biye da ita ta rasa dalili. Sannan ya rataye tafiyar duka a kan buƙata ɗaya, neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya wanke limamin garin daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Wannan ƙulli shi ne ya raba littafi da tarin hikayoyi, kuma shi ne aikin da mai bitar daftarinsa ya wajaba ya fara dubawa tun kafin ya shiga goge jimloli.

Inda ɗinki ya fito

Ganɗoki ya nuna ɗaya fuskar mas'alar. Farkonsa tarihi ne mai nauyi, yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Nasara, amma da jarumin ya nufi gabas sai labarin ya koma duniyar aljannu da abubuwan al'ajabi, mai karatu yana jin wurin da ƙyalle biyu suka haɗu. Ba mu ɗauki wannan aibi da zai rage darajar littafin ba, domin zafin harshensa da kirarinsa ba su da na biyu a cikin biyar ɗin. Sai dai yana tabbatar da cewa murya kan zo wa sabon mawallafi kafin tsari ya zo masa. Shaihu Umar ya fi su daidaito, saboda Tafawa Ɓalewa ya zaɓi hanya guda, malami yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa daga bauta zuwa ilmi, bai kuwa kauce mata ba. Abin lura ne cewa littattafan nan uku duk sun zaunar da mai ba da labari a gaban masu sauraro, alamar cewa kunne ne ya fara koya musu sana'ar.

Hannun mai gyara

Sunan East a bangon Jiki Magayi, tare da na John Tafida, shaida ce cewa gyara kan yi zurfi har ya zama tarayya a cikin talifi, kuma wannan littafi shi ya fi sauran bin zare ɗaya na soyayya da ramuwar gayya. Imam kuwa, a 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya ya zauna kusa da East, aka tara masa littattafan Larabci da na Turanci, ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ci gaba da naƙali daga Alfu Laila da makamantansa, amma ya sa aku da makircin Waziri suka riƙe labaran juzu'in farko tun daga buɗewa har rufewa.