Bargon ƙyallaye daga Zango

Jiya wani abokina ya same ni ina yanka ƙyallen atamfa, ya yi dariya ya ce ɗan kasuwa ya koma tela. To, bari in faɗi asalin abin.

Mu mutanen Zangon Kataf ne. Sunan garin ma ya gaya maka tarihinsa, domin tun kafin zuwan Turawa nan fatake ke yada zango da jakunansu, su sauke kanwa da tufafi, su yi ciniki da Atyap, waɗanda muke kira Katab. Cikin kayan akwai gwado da luru. Duk wanda ya taɓa riƙe gwado ya san ba a saƙa shi da faɗinsa. Masaƙi yakan saƙa siraran tsiri ne, sannan a jera a ɗinke. Wato haɗa ƙanana su zama babba ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Da jirgin ƙasa ya mayar da Kafanchan mahaɗa wajen 1927, sai ciniki ya fara karkata can. Daga baya masaƙun Kaduna suka zo, KTL a 1957, sai UNTL, atamfa ta yi araha, kowane tela ya tara tsumma a ƙarƙashin kekensa.

A watan Fabrairun 1992 aka yi rikici kan sauya wa kasuwar Zango matsuguni, a watan Mayu kuma abin ya dawo da muni. Ba a haife ni ba lokacin. Abin da na sani shi ne kakata, Hajiya, ta iso Kafanchan da 'ya'yanta da jariran maƙwabta biyu da ba a ga iyayensu ba, ba ta da ko zanen canji. Da hunturu ya shigo, kuma wanda ya san sanyin ƙasarmu ya san ba wasa ba ne, sai ta riƙa bi shagunan teloli tana roƙon ƙyallaye. Takan yanka kowanne taƙi ɗaya tsawo, taƙi ɗaya faɗi, ta jera takwas sau shida, arba'in da takwas ke nan, ta sa tsohon zane a baya, ta bi da allura. Ɗaya yana nan gidanmu har yau. Baba yakan nuna wani gida ya ce wannan 'yar UNTL ce, ka ji kaurinta. Kamfanin ya rufe a 2007, kuma gaskiya atamfar Sin da muke sayarwa yanzu ba ta jure wanki kamar waccan, sai an ninka ta biyu.

Ni nawa idon ya gani a Afrilun 2011, bayan zaɓe, ina ɗan firamare. Kasuwar Kafanchan ta ƙone har da rumfar Baba, muka yi watanni a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. An kawo shinkafa, an kawo gwanjo, amma yawanci kayan manya ne. Hajiya ta sake zama da allurarta, ni ne mai zura mata zare don idonta ya yi rauni.

Daga baya na karanta cewa a Amurka akwai wata ƙungiya, Project Linus, da aka kafa a 1995, mata na ɗinka barguna suna kai wa yara marasa lafiya. Na ce ashe Hajiya ta riga su da shekara uku, ba ta da ko suna.

A 2020, da aka kai hare-hare ƙauyukan Atyap mutane suka gudo Zonkwa, Hajiya ta riga ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Inna ta ɗinka guda goma sha ɗaya ta ce in kai. Kawu ya ce sam, ya tuna mata 1992 da ɗan'uwansa da bai dawo ba. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ma ban gani ba. Inna dai ta ce, “Yaya, yaran nan ba a haife su ba lokacin.” Bai amsa ba, ya fita. Na ɗaura kayan a bayan mashin, gabana na faɗuwa har Zonkwa. Wata tsohuwa ce ta karɓa, ta juya bayan bargon tana duba ɗinkin, ta tambaye ni cikin Hausa ko ni jikan 'yan Zango ne.

Bana muna so mu yi talatin kafin Disamba, mun gama goma sha tara. Ranar Juma'a Kawu ya aiko da buhun ƙyallen shadda daga shagonsa, bai haɗo da wani saƙo ba.