Wasannin Yara da Ƙere-ƙerensu a Ƙasar Hausa: Waiwaye a kan Tarihinsu da Matsayinsu ga Harshe

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna ɗaukar wasannin yara a matsayin rumbun waƙoƙi da tushen wasan kwaikwayo. Wannan ra'ayi yana bisa hanya, sai dai ya bar wani ɓangare a baya, wato wasannin da yara ke yi a bayan gari da gonaki da bakin rafi, da ƙere-ƙeren da suke yi da kara da yumɓu da kaba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin waɗannan wasanni daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, tare da nuna cewa a cikinsu ne yaro Bahaushe yake fara mallakar kalmomin da suka shafi itatuwa da tsuntsaye da ƙwari da yanayin shekara. Saboda haka duk canjin da ya sami wasannin, dole ya taɓa harshen.

2.0 Fagen Wasa da Lokutansa a Gargajiyance

A gargajiyance yara suna da fage iri biyu. Na farko shi ne dandali, inda ake haɗuwa da dare, musamman lokacin farin wata. A nan ne maza ke yin langa da kokawa da ɓuya, 'yan mata kuma su yi gaɗa. Na biyu shi ne daji na kusa da gari, wanda ake shiga da rana, galibi a kan hanyar wani aiki, kamar kiwo, ko ɗebo itace, ko yankan ciyawa, ko korar tsuntsaye daga gero da majajjawa. A wannan fage na biyu da wuya a raba wasa da aiki, domin yaron da aka tura kiwo shi ne zai dawo da aljihu cike da kanya, da kurciyar da ya kama a tarko.

Yanayin shekara shi ke tsara abin da za a yi. Idan shamuwa ta bayyana, yara sun san damina ta ƙarato. Da ruwan fari ya sauka sai a fita kamun shinge, ƙasa kuma ta yi laushin da za a iya gina shanu da dawaki da ƙananan tukwane na yumɓu. Da kaka ne kara ke yawaita, fara kuma ta yi ƙiba, a kama ta a gasa. Da rani da bazara sai hankali ya koma kan 'ya'yan itatuwa, irin su magarya da kurna da aduwa da goruba. Yaron da ya zagaya wannan da'ira sau biyar ko shida, ya san sunan kowace bishiya da lokacin nunarta, ya kuma bambance hasbiya da kurciya, ko balbela da zalɓe, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya karantar da shi ba.

Hatta wasannin dandali suna ɗauke da wannan sani. A wasan jini-jini, jagora yakan riƙa ambaton sunayen abubuwa da sauri, sauran yara su amsa idan abin yana da jini, su yi shiru idan ba shi da shi. Wanda ya amsa a kan dutse ko itace ya faɗi, ya sha duka. Wannan jarrabawa ce ta rarrabe halittu, kuma ba a cin ta sai da yalwar kalmomi. Haka nan a wasannin tashe, waɗanda ake farawa bayan azumi ya kwana goma, mai kwaikwayon Jatau mai magani yakan fito da tarkacen saiwoyi da sassaƙe yana tallar amfaninsu, kamar yadda ya ga masu maganin gargajiya suna yi a kasuwa.

3.0 Ƙere-ƙere a Matsayin Shaidar Tarihi

Abin da yara ke ƙerawa ya kasu kashi biyu: kayan aikin da salon abin da ake kwaikwayo. Kayan aikin daɗaɗɗu ne. Karan dawa yana ba da ɓawo mai tauri da ake tsagawa siri-siri, da totuwa mai laushi da ake soke ɓawon a jikinta, ta yadda ba a bukatar ƙusa ko zare. Salon kuwa yana tafiya da zamani. 'Yar tsana da dokin kara da baka da kibiya suna kwaikwayon rayuwar da aka gada, ta aure da raino da sarauta da farauta. Amma motar kara da jirgin kara da tabarau na kara ba za su girmi abubuwan da suke kwaikwayo ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, jirgin sama kuma ya fara sauka a can a 1925. Ke nan ana iya sanya wa waɗannan ƙere-ƙere iyakar da ba za su wuce ta ba a tarihi.

Daga bisani kayan aikin ma suka sauya. Robar tayar keke da ta mota ta haifar da danƙon harbin tsuntsaye, wanda ya rage wa majajjawa kasuwa. Gwangwanin madara da langa-langa da waya da tsohon silifa suka maye gurbin kara a birane, aka koma ƙera motar gwangwani, ana kuma gara tsohuwar taya a kan titi. Ta fuskar harshe wannan sauyi yana da muhimmanci: mai ƙera motar kara sai ya san totuwa da sille da lokacin da kara ke bushewa, alhali mai motar gwangwani kalmomin aro yake tarawa, irin su taya da sitiyari da bodi. Dukkansu Hausa ce, amma ɗaya tana kallon gona, ɗayar tana kallon tasha.

4.0 Yadda Aka Taskace Su a Rubuce

Turawan da suka fara tattara adabin Hausa sun fi mayar da hankali ga tatsuniyoyi da labarai da al'adun manya. Haka abin yake a littafin tatsuniyoyi na Frank Edgar mai juzu'i 3 (1911–1913), da ayyukan R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne na 1913. Sunayen tsirrai kuwa ta wata ƙofa dabam suka shiga rubutu, wato ta hannun likita J. M. Dalziel, wanda ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ƙamusun Bargery (1934) ya adana ɗimbin sunayen wasanni da tsuntsaye da ƙwari, amma a warwatse bisa jerin baƙaƙe, ba tare da an haɗa kowace kalma da fagen da ake koyon ta ba. Muryar wadda ta yi wasannin da kanta ta fito ne a tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. A ciki Baba ta ba da labarin ƙuruciyarta a ƙarshen ƙarni na 19, da wasanni da waƙe-waƙen 'yan matan zamaninta.

Bayan samun 'yancin kai sai 'yan ƙasa suka karɓi aikin. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni guda 6 a farkon shekarun 1970, waɗanda suka shiga makarantun firamare. M. B. Umar ya rubuta Wasannin Tashe, sannan Habib Alhassan da abokan aikinsa suka fitar da Zaman Hausawa a 1982. Waɗannan ayyuka sun ceci abubuwa da yawa daga salwanta. Amma da yake ta ƙofar adabi aka shiga, wasan da ke da waƙa shi ya fi samun gata. Ƙera motar kara ko ɗana tarko ko kamun fara ba su da baitin da za a rubuta, don haka sai aka riƙa ambaton su a taƙaice a wuce.

5.0 Dalilan Ja da Baya

Dalili na farko shi ne sauyin lokacin yaro. Makarantar boko, wadda Hans Vischer (Ɗan Hausa) ya buɗe irinta a Nasarawa ta Kano a 1909, ta daɗe ba ta shafi yawancin yara ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ne ya kwashi yara masu yawa daga gona da kiwo zuwa aji. Binciken da Enid Schildkrout ta gudanar a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna irin rawar da yara ke takawa wajen talla da aike ga matan da ke kulle, da yadda makaranta ta fara cin wannan lokaci. Yaron da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, ba shi da sauran rana ta shiga daji.

Na biyu shi ne sauyin wuri. Faɗaɗar birane ta cinye gonaki da kududdufai da filayen unguwa, fari na shekarun 1970 da na 1980 da saran itace kuma suka rage bishiyoyin da ke kusa da gari. Na uku shi ne abin da ya maye gurbin dandali da dare: talabijin, sannan finafinan bidiyo na Hausa daga 1990, sannan wayar hannu daga 2001. A ƙarshe, rashin tsaro da ya addabi wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato daga shekarun 2010 ya sa fita bayan gari ta zama kasada, ga yaro da babba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa, kuma ta hanyar wasa. Sai dai a yawancin makarantun rainon yara na birane, wasannin da waƙoƙin da kayan wasan duk na aro ne. Langa ta tsira ta wata hanya, domin ta shiga sahun wasannin gargajiya da ake gasa a kansu, amma ta koma hannun matasa da alƙalan wasa.

6.0 Kammalawa

Wannan waiwaye ya nuna cewa wasannin fili da ƙere-ƙeren yara su ne hanyar da wani babban sashe na kalmomin Hausa ke bi daga tsara zuwa tsara. Kalma irin su totuwa ko shinge ko majajjawa tana iya zama daram a ƙamus alhali ta fita daga bakin yaran birni, domin abin da take nufi ya fita daga hannunsu. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su shiga karkara yayin da masu wannan sani ke raye, su ɗauki yadda ake ƙera kowane abu mataki-mataki, da sunan kowane ɓangare, da bambancin karin harshe tsakanin Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci. Da yake Yarabawa da Ibo da Tibi da Nufawa da sauran al'ummomin ƙasar nan sun bi ta irin waɗannan sauye-sauye, nazarin kwatance zai bayyana waɗanne kalmomi ne ke fara ɓacewa a kowane harshe, da waɗanda malamin firamare zai iya maido wa ɗalibansa da damin kara da ɗan yumɓu.