Frank Crozier, sojan Ingila da ya ba da shaidar yaƙin Sakkwato

Frank Percy Crozier hafsan sojan Ingila ne da ya yi aiki a arewacin Najeriya daga 1901 zuwa 1905, zamanin da Lugard ke cin ƙasar Hausa gari bayan gari. An haife shi a tsibirin Barmuda a 1879, ya mutu a 1937. Masu nazarin tarihi suna yawan ambatonsa saboda yana cikin ƴan ƙalilan da suka riƙe bindiga a wancan yaƙi, daga baya kuma suka fito fili suka faɗi ɓarnar da aka yi.

Bayan ya yi yaƙin Afirka ta Kudu, sai ya shiga rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda hafsoshinta Turawa ne, sojojinta kuwa galibi Hausawa da Yarabawa. Wannan runduna ce, a ƙarƙashin Kanal Morland, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari. Ga mutanen Damargu wannan ba labarin nesa ba ne, don ayarin raƙuman Kano ta Damagaram da Damargu yake bi ya nufi Agadas da Tarabulus.

Ran 15 ga Maris aka ja daga a filin Giginya, wajen ganuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fito da dubban mahaya da dakaru, yawancinsu da masu da takubba da kwari da baka. A gabansu ƴan ɗaruruwan sojoji ne cikin sahu, da igwa da bindiga mai ruwa ƙirar Maxim. Kafin rana ta take an watse. Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli.

Rahotannin da aka aika Landan nasara suka ƙirga. Crozier kuwa, a littafinsa Five Years Hard na 1932, wato shekara biyar ta wahala, ya ba da labarin abin da ya biyo bayan harbin: bin waɗanda suka gudu ana kashewa, ƙarasa masu rauni da ke kwance a fili, da kwashe abin da ke jikin gawawwaki. Ya kuma kwatanta zaman hafsoshi a bariki, inda giya ta fi komai yawa. Bai cire kansa a ciki ba, kuma wannan ne ya ba littafin nauyi.

Sai dai shaida ce da ke son a yi taka-tsantsan da ita. Shekara 29 bayan yaƙin aka buga littafin, mutumin kuma ya iya zuba labari da gishiri. Shi kansa giya ta taɓa ɗaiɗaita shi, ya bar soja a 1908 a kan cakin banki marar kuɗi, ya tafi Kanada. Yaƙin Duniya na Farko ne ya wanke shi, har ya kai muƙamin janar. A 1920 aka ba shi shugabancin wata rundunar ƴan sandan Ingila a Ailan. A Fabrairu 1921 ya ajiye aiki bayan an mayar da mutanen da ya kora saboda wawashe dukiya a garin Trim. Ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin ƙin yaƙi. A ganina, mai wannan hali yana iya ƙara gishiri, amma da wuya ya ƙirƙiro laifin da shi ma zai shafa.

A ɓangarenmu na Nijar akwai takwaransa, Laftana Louis Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunarsa a farkon 1899. Wasiƙar da ya rubuta wa budurwarsa a kan ƙone garuruwa da kisan jama'a ta kai ga hukumomin Faransa, cikin ƴan watanni aka turo Kanal Klobb, wanda Voulet ya sa aka harbe kusa da Tasawa ran 14 ga Yuli 1899. Shaidar Crozier ta fito ne bayan an daɗe da rufe littafin yaƙin. A lokacin Lugard ya riga ya zama Lord tun 1928, yana zaune a Janeba cikin kwamitin da ke sa ido a kan yadda ake mulkin ƙasashen amana.