Ƙaramar kat-kat da babban moter: tarihin Suzuki Samurai da masu neman ƙara mata ƙarfi



Kwanan baya ƙanena ya sayi wata tsohuwar Suzuki Samurai, irin waɗanda ma'aikatan porje suka yi yayi a da, yanzu kuma sai ka gan su jefi-jefi a bayan gareji ƙura ta rufe su. Niyyarsa ya riƙa ɗaukar ƴan kasuwa da kayansu zuwa kasuwannin ƙauye a arewacin Dakoro. Fitarsa ta biyu ya dawo rai a ɓace. Ya ce mini: "Yaya, motar nan ba ta da numfashi. Da mun shiga rairayi sai kuka, ba tafiya." Wani makanike ya riga ya yi masa lissafi: a fidda moter ɗinta a sa mata na Vitara. Kuɗin aikin kuwa sai an saida ƴan bisashen da tsohuwarmu ke kiwo. Shi ya sa na ce masa ya dakata in yi ɗan bincike tukuna. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, domin ashe tarihin motar nan gaba ɗaya tarihi ne na neman ƙarin ƙarfi, tun daga ranar da aka haife ta.

Asalinta Japan ne. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar ƙasar ta ware wani rukuni na ƙananan motoci da ake kira kei, masu sauƙin haraji, don talaka ya iya mallaka. Sharaɗin shi ne kada moter ya wuce cc 360, kada tsawon mota ya wuce mita 3. Wani ƙaramin kamfani mai suna Hope Motor ya ƙera ƴar kat-kat a cikin wannan ma'auni, HopeStar ON360, da moter na Mitsubishi, amma ba ta yi kasuwa ba. A 1968 Suzuki ya sayi zanen. Mutumin da ya tsaya kai da fata a kan wannan ciniki shi ne Osamu Suzuki, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin shekaru da dama, ya rasu a watan Disamba na 2024 yana da shekara 94.

A 1970 ta fito da sunan Jimny, samfurin LJ10. Moter ɗinta cc 359 ne, silinda biyu, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa doki 25. Don ku gane, ku haɗa moter na baburan kabu-kabu uku masu cc 125, to sun ma ɗara ta kaɗan. Nauyinta wajen kilo 600. Saboda dokar tsawo, ba su iya rataya tayar safiya a baya ba, sai suka sa ta cikin mota, ta cinye wurin mutum guda, motar ta zama mai ɗaukar mutum uku. Duk da haka tana da abin da manyan kat-kat suke da shi: shasi na ƙarfe mai kamar tsani, da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga taɓo.

Daga nan sai ƙari ya biyo ƙari. A 1972 aka koma sanyaya moter da ruwa. Da motar ta fara fita waje, musamman Ostareliya inda manoma suka so ta, sai aka ce ƙarfinta bai isa ba, aka yi mata silinda uku mai cc 539. A 1977 aka sa mata silinda huɗu mai cc 797, doki 41. A 1981 SJ410 ta zo da cc 970, doki 45. A 1984 SJ413 ta zo da lita 1.3 da giya biyar, doki sittin da ƴan kai. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi sani da Samurai. Kamfanin Santana ya riƙa haɗa ta a garin Linares na Sifen, a Indiya kuma aka yi ƴar'uwarta Maruti Gypsy tun 1985, wadda soja da ƴan sandan ƙasar suka daɗe suna aiki da ita.

Abin lura a nan, duk lokacin da kamfanin ya ƙara moter, ba ya barin sauran jikin yadda yake. Akan taɓa giya, a faɗaɗa tsakanin tayoyi, a gyara birki, a ƙara girman radiyata. Wannan shi ne abin da lissafin makaniken ƙanena ya tsallake.

A cikin Japan kuwa, inda doka ta ɗaure girman moter, sai suka bi wata hanya. A 1986 suka sa wa ƙaramar Jimny mai cc 543 turbo. Aikin turbo ba wani sihiri ba ne: hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta tura iska da ƙarfi cikin silinda. Iska mai yawa tana ƙone mai mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Dokar ta ɗaga zuwa cc 660 a 1990, kamfanoni kuma suka yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ƙananan motocin nan ba za su wuce doki 64 ba, kuma har yau haka ake tafiya.

Inda gyare-gyaren gareji suka yi ƙamari shi ne Amurka. Samurai ta shiga can a ƙarshen 1985, matasa suka yi mata rubdugu saboda araha. A 1987 kaɗai an saida sama da dubu 80. Amma a 1988 wata mujallar kare masu saye, Consumer Reports, ta ce motar tana saurin kifewa idan aka yi kwana da sauri, ta ba ta hukuncin cewa ba ta cancanta ba. Kasuwa ta faɗi warwas. Suzuki ya janye ta daga Amurka a 1995, ya kai mujallar kotu a 1996, shari'ar ta ja har 2004 kafin su sasanta. Ko wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, akwai abin da ido ke gani: mota ce gajera, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2 da ɗan kai, siririya, ga ta da tsayi. Irin wannan jiki ba ya son gudu da kwana a lokaci guda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Faɗuwar darajarta ita ta jefa ta hannun masu wasan hawan duwatsu, domin ta zama mota mai arha da ba a jin ciwon yanka ta. Su ne suka gwada kusan duk dabarun da ake yi yau. Wasu suka canza kafireto suka sa na Weber. Wasu suka ɗauko moter mai lita 1.6 na Vitara, wadda ta fito a 1988, mai bawul 8 yana ba da doki wajen 80, mai bawul 16 kuma wajen 95. Da yake ƴan gida ɗaya ne, da ɗan faranti na haɗi sai ya zauna a kan akwatin giyar Samurai. Wasu kuma suka sa moter na gazuwal na Volkswagen. Shi kansa Santana, a ƙarshen shekarun 1990, ya fitar da Samurai mai moter na gazuwal na Peugeot, lita 1.9.

Sai dai darasin da suka koya da kuɗinsu shi ne, yawancin masu kukan rashin ƙarfi ba moter ne matsalarsu ba. Mutum zai sa manyan tayoyi don motar ta yi kyau ta kuma ɗaga daga ƙasa. Tayar asali tsayinta inci 26 ne da ɗan ɗoriya. In ka koma mai inci 31, ka rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan kashi 15 cikin ɗari, alhali moter bai canza ba. Kamar mai jan ruwa ne da aka ƙara wa girman guga. Maganin da suka gano shi ne canza haƙoran ƙaramar giya, ta yadda moter zai juya sau da yawa taya ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, amma jan ya ninka. Waɗanda kuma suka haɗa babban moter da manyan tayoyi, sai ƙarfen da ke juya tayoyin gaba ya dinga karyewa, har ta kai wasu suna cire aksil ɗin gaba ɗaya su sa na Toyota. Ka ga an fara da moter, an ƙare da sabuwar mota.

Labarin da ya fi daɗi a tarihin nan a ƙasar Chile ya faru. A watan Maris na 2007 wata tawaga da motocin Jeep Wrangler, da kuɗi da kayan aiki, suka hau dutsen Ojos del Salado har mita 6,646, suka kafa tarihin mota mafi hawa sama. Suka dasa allo a wurin mai cewa nan wurin ajiye Jeep ne kaɗai. Ranar 21 ga Afrilu na wannan shekarar, wasu ƴan Chile biyu, Gonzalo Bravo da Eduardo Canales, suka hau da tsohuwar Samurai ƙirar 1986, suka kai mita 6,688. Da za su sauko suka ɗauko allon suka taho da shi. Motar tasu an sa mata moter mai lita 1.6 da na'urar tura iska, an gyara giya da aksil. Akwai dalili: duk mita 100 da ka hau, moter yana asarar kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa saboda iska ta yi ƙaranci, a can saman kuwa iskar ba ta kai rabin ta bakin teku ba. Tarihinsu ya tsaya har Disamba 2019, lokacin da babbar motar Unimog ta wuce su da mita 6 kacal.

To mu a nan ba wannan ne ciwonmu ba. Wurin da ya fi ko'ina tsayi a Nijar, a duwatsun Bagzan, mita 2,022 ne. Abokan gabar mota a ƙasarmu zafi ne da rairayi da lodi. Moter da ya ƙara ƙarfi ya ƙara zafi ke nan, wannan babu makawa. Radiyatar da aka auna wa doki 60 ka ɗora mata doki 95, ka shiga rairayi da giya ta biyu a watan Afrilu ana digiri 44, iska ba ta bugun gaban mota saboda tafiyar hawainiya kake, kai ma ka san inda za a kwana. Kuma ba a bakin gareji za ta tafasa ba, a daji ne, da mata da yara a ciki, ruwan sha jarka guda.

Wani abin ban sha'awa, ƙasar nan ta taɓa ganin abin da ƙaramin moter ke iya yi. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda 8, masu sarƙa a baya maimakon taya, sun keto Sahara daga Aljeriya, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram zuwa tafkin Chadi. Moter ɗin kowace doki 20 ne. Giya da faɗin abin da ke taka ƙasa su suka yi aikin. Direbobin Agadas da suka san Tenere ma abin da suke fara yi ke nan in sun iso yashi: su sauka su rage iskar taya. Taya ta baje, mota ta daina nutsewa. Ba a biyan ko dala.

Na koma wurin ƙanena da tambayoyi. Mutum nawa ka ɗauka ranar? Ya yi shiru, sannan ya ce bakwai, da buhu huɗu a sama. Motar da nauyinta bai cika tan guda ba, wadda aka yi don mutum huɗu. Tayoyin fa? Wanda ya saida masa ya sa manya, kuma a cike suke tam da iska kamar za a bi godoron Maraɗi zuwa Yamai. Matatar iska kuwa da muka buɗe, sai ka ce an tono ta daga rami. A nan na tuna masa da zancen kifewa: buhu huɗu a kan rufin siririyar mota, sannan a ƙara mata gudu, birkin baya kuma na ganga ne irin na da. Ni dai a ganina, sa mata moter na Vitara a wannan hali neman magana ne. Ga kuma batun takardu, domin takardar mota ta rubuta ƙarfinta da irin man da take sha, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, mai inshora zai duba.

Ban ce kada kowa ya canza moter ba. Wanda ke da hali ya yi aikin cikakke, da radiyata da birki da wayoyi, a hannun wanda ya san aikin, motarsa za ta yi masa daɗi, tarihi ya nuna haka. Ita kanta Jimny ta yau, wadda ta fito a 2018, lita 1.5 gare ta da doki wajen ɗari, amma an sake mata jiki gaba ɗaya don ta ɗauka.

Abin da muka yi dai shi ne: an wanke kafireto, an canza matatar iska da fulogi, an wanke radiyata, an mayar da tayoyi daidai da na asali, ya kuma sayi famfon hannu don ya riƙa rage iska yana mayarwa. Kasuwar da ta wuce ya je da mutum huɗu da buhu biyu, ya dawo lafiya, amma ya ce kuɗin da ya samu da ƙyar suka biya esansi. Yanzu yana tunanin saida ta ya tara ya nemi tsohuwar Hilux. Makaniken kuma har jiya ya kira shi, wai moter ɗin Vitara yana nan, an kawo daga Kwatano, wani na zawarcinsa. Bisashen tsohuwa dai suna nan a turke.

Masu gareji da direbobin daji da ke bibiyarmu, daga Tawa har Damagaram, wanda ya taɓa yin wannan canji ya faɗa mana yadda radiyatarsa ta ƙare da bazara. Zan karanta amsoshinku a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.